Yadda ake gano abin da ke sa tsohuwar mota nauyin kik idan inji ya yi zafi

Masu tsofaffin motoci irin Peugeot 504, wadda aka fara fito da ita a Faransa a 1968 kuma aka yi shekaru ana harhaɗa ta a Kaduna, sun san wannan ciwon. Da safe kik ɗaya ta tashi. Amma a yi tafiya, a tsaya shan mai, a dawo a murɗa makulli, sai inji ya riƙa juyawa da ƙyar. Galibi batir ake fara zargi, kuma sau da yawa ba laifinsa ba ne. Zafi dai yana tona rauni ne da ya riga ya ɓuya a waya ko a cikin kik ɗin, wato na'urar da ke juya inji idan an murɗa makulli. Shi ya sa duk awon da za ka yi, ka yi shi motar na da zafi. Idan ta huce komai zai nuna maka lafiya lau.

Da farko ka saurara da kyau. Idan inji na juyawa da sauri amma ya ƙi kamawa, wannan wata magana ce daban, mai yiwuwa fetur ne ya tafasa a kafireta. Namu shi ne mai juyawa a hankali.

Sa giya a furi, ja burkin hannu, ka ɗora mitar auna wuta a kan batir. Cikakken batir yana nuna folt 12.6 idan ya huta. A murɗa maka makulli kana kallo: bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba. Idan inji na aiki kuma, ka ga wajen 13.8 zuwa 14.5, alamar caji na shiga ke nan. Kada a riƙe makulli ya wuce daƙiƙa 15.

Idan batir ya tsallake, koma kan wayoyi, nan ne aka fi kama ɓarawon. Tagulla tana ƙara tauye wuta da kusan kashi 0.4 cikin ɗari duk lokacin da zafi ya hau digiri ɗaya, don haka wayar da ta ci tsatsa, wadda take wucewa da ƙyar da safe, da rana sai ta gaza. Ɗora bakin mita ɗaya a kan fositif na batir, ɗayan a kan babban notin kik, a yi kik. Abin da mita ta nuna shi ne wutar da ta zube a hanya, kuma bai kamata ya haura folt 0.5 ba. Maimaita tsakanin nagetif na batir da jikin inji, nan ma ƙasa da 0.3 ake so. Akwai wata wayar kitso da ke haɗa inji da bodi, kowa na mantawa da ita. Kwance ta, ka goge mazauninta da sandfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli. Yanka kaɗan daga robar babbar waya kusa da kan batir: idan ka tarar da kore-kore kamar gari a ciki, canja ta da mai kauri, kada ka yarda a yi maka ɗori. Ka tuna, nagetif ake fara cirewa, shi ake mayarwa daga ƙarshe.

Sai taimin, wato saitin lokacin da fulogi ke ba da wuta. Idan an tura shi gaba da yawa, fulogi yana ba da wuta da wuri sosai, tun fistin bai kusa kaiwa sama ba, inji ya riƙa ture kik baya. Za ka ji yana juyawa yana tuntuɓe. Gwajin ba wuya: cire ƙaramar wayar da ke kai wa kwayil wuta, ka yi kik. Idan ya juya da sauri, to a mayar da taimin daidai.

In duk waɗannan sun fita, saura kik ɗin kansa. Kai wa riwaya, wato mai gyaran wutar mota, ya buɗe a gabanka. Burushin kabon ya kan cinye, bushin ya kan faɗaɗa har abin da ke juyawa a ciki ya riƙa gogar bango idan ya ɗumama, bakin solinoyid, wato makunnin da ke haɗa wa kik wuta, kuma ya kan ƙone. Kada ka gamsu da gwajin da ake yi a ƙasa da batir, kik mara lafiya ma yana gudu idan ba ya ɗauke da inji. Idan mazauninsa na kusa da bututun salansa, a sa faranti tsakaninsu ya tare zafi.

Injin da aka yi wa sabon aiki kuwa, cire fulogai ka juya shi da sifana yana da zafi. Idan ya yi tauri fiye da yadda yake da sanyi, mayar wa makaniken da ya haɗa shi, domin sabon kik ba zai warware wannan ba.