Yadda nake farautar walƙiyar rediyo daga ɗakina a Garwa

Ɗan'uwa, ba sai kana da na'urar sauraren sama ba. Ni kwamfuta ce kawai gare ni, da intanet ɗin dare idan gari ya yi tsit. Abin da muke nema shi ne FRB, walƙiyar rediyo daga nesa ƙwarai, wadda ƙiftawar ido ma ta fi ta daɗewa. Ta farko a tsohuwar ajiya aka tsinto ta: na'urar Parkes ta Ostareliya ta naɗe ta a 2001, sai 2007 Duncan Lorimer da ɗalibinsa suka gane ta.

Yi rajista a rumbun bayanan LOFAR, na'urar sauraren sama ta ƙasar Holan, ka sauke ƙaramin fayil tukuna. Girka manhajar PRESTO. A cikinta, da rfifind za ka share hayaniyar na'urorin duniya, prepsubband ta gyara jinkirin isowar sigina, single_pulse_search ta tace.

Jinkirin nan shi ne ƙashin bayan aikin. Ƙwayoyin lantarki da ke kan hanya suna riƙe ƙananan mita (mita a nan saurin kaɗawar igiyar rediyo ce, da megahaz ake auna ta), sai su iso a baya, kamar garke ya taso daga bakin Binuwai, manyan shanu a gaba, maruƙa na biye. Dubi FRB 20180916B, mai ma'aunin jinkiri wajen 349: a megahaz 1400 jinkirinta bai cika daƙiƙa ɗaya ba, a megahaz 150 kuwa ya haura minti guda. Ka kuskure ma'aunin kaɗan, siginar ta baje ta ɓace. Don haka ka gwada ma'aunai masu yawa, kusa da kusa. Kwamfutata kan kwana tana wannan lissafi, fanka a gefenta saboda zafin Maris.

Kada ka fara da FRB. Gwada hannunka a kan tauraro mai bugu B0329+54, wanda ke bugawa kusan kowace daƙiƙa 0.7. In ba ka gan shi ba, gyara na wajenka.

Lura da lokaci kuma. Waccan FRB 20180916B lokacin bugunta yana zagayowa duk kwana 16 da ɗoriya. LOFAR ta ji ta har megahaz 110, amma kamar kwana 3 bayan na'urar CHIME ta Kanada, mai sauraren megahaz 400 zuwa 800.

Duk bugun da ya fito da jinkiri sifili, na nan duniya ne, ba na sama ba. A Parkes ɗin kanta, sai 2015 aka gano cewa wasu siginonin daga na'urar ɗumama abinci suke, in an buɗe ƙofarta tana aiki. Kowane bugu da manhaja ta miƙo maka, zana shi ka duba da idonka: na gaske yakan gangaro a lanƙwashe, daga manyan mita zuwa ƙanana.