Yadda ake buga tsofaffin wasannin gem a Steam Deck

Wanda ya taso yana tara kuɗin tara don ya buga Winning Eleven a gidan gem ya san cewa samun PlayStation 2 mai lafiya yanzu sai an sha yawo. Idon da ke karanta faifai ya gaji, fad ɗin ma ya saki. Wasannin kuwa suna nan daram, kuma Steam Deck, wadda kamfanin Valve ya fitar a 2022, tana iya ɗaukarsu. Kwamfuta ce cikakkiya a tafin hannu, abin da take buƙata kawai shi ne emuleta, wato manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar na'ura.

Fara da katin memori. Sayi na gaske daga hannun wanda ka amince da shi, domin jabu ya cika kasuwa: a jikinsa an rubuta 256GB, amma da ka loda kaya sai fayiloli su fara lalacewa. Zura shi, ka shiga Settings, sannan System, ka yi masa fomat.

Daga nan danna maɓallin STEAM, ka zaɓi Power, ka koma Desktop Mode. Buɗe burauza, ka sauke EmuDeck, manhajar da ke girka emuletoci ta tsara su, daga shafinsu, ka ajiye fayil ɗin a fuskar allo, ka danna shi sau biyu. Zaɓi Easy Mode, ka nuna masa katin memori. Shi zai jero maka komai: RetroArch don Sega Mega Drive da Super Nintendo, PCSX2 don PlayStation 2, PPSSPP don PSP, Dolphin don GameCube da Wii. Yana cin data, don haka nemi inda intanet ke da ƙarfi.

A nan ne mutane da yawa ke karaya: BIOS. Ita ce 'yar manhajar da ke tayar da na'urar asali, kuma PlayStation ta farko da ta biyu ba sa tashi sai da ita. Idan ka buɗe wasa ka ga baƙin allo, ko ya dawo da kai baya nan take, yawanci laifinta ne. Zuba fayilolin kai tsaye cikin folda Emulation/bios, kada ka ƙirƙiri wata folda a ciki, kada kuma ka sauya musu suna. SteamOS, tsarin da ke tafiyar da Steam Deck, a kan Linux aka gina shi, shi kuwa Linux yana bambanta babban harafi da ƙarami. Akwai BIOS Checker a cikin EmuDeck da zai gaya maka ko an dace. Sega da Super Nintendo da PSP ba ruwansu da wannan wahala.

EmuDeck ba ya zuwa da BIOS ko wasa ko ɗaya, domin dukiyar masu ita ce. Hanya mai tsabta ita ce ka kwafo daga na'urarka da faifanka. Faifan PlayStation 2 ma, kwamfuta mai wurin DVD tana mayar da shi fayil ɗin ISO. Kowane wasa ka sa shi a gidansa cikin Emulation/roms: na PlayStation 2 a ps2, na farko a psx, na Super Nintendo a snes.

Sai ka buɗe Steam ROM Manager, wanda zai shigar da wasannin da hotunansu cikin jerinka na Steam, wato manhajar da ke jera wasanninka. Zai rufe Steam kafin ya fara aiki, kada ka firgita: shafa faifan taɓawa na dama don motsa kibiya, R2 kuma shi ne dannawa. Ajiye, ka koma Gaming Mode.

Ina roƙonka abu ɗaya: kada ka miƙe hoton don ya cika allo. Yawancin wasannin nan an zana su ne don talabijin mai 4:3, in ka ja su sai 'yan wasa su koma gajeru masu faɗi. Bar baƙin gefen nan yadda yake.

Batun caji kuma, ga mu da halin wutarmu, danna maɓallin ɗigo uku, ka shiga sashen batir, ka rage TDP, wato iyakar wutar da na'urar ke ja. Wasan Sega ba ya buƙatar wat 15. Wat 5 ko 6 sun ishe shi, batir kuma zai daɗe sosai. Na PlayStation 2 ya fi ci, don haka rage masa kaɗan-kaɗan, da ka ji sauti ya fara sarƙewa ka ƙara wat ɗaya.