Idan Hitar Banɗaki Ta Rage Zafi

A Gombe, da hunturu ya kama sai a ji hita ta daina dafa ruwa kamar da. Kafin a kira mai gyara, a fara duba ƙarfin wutar gidan, domin an ƙera yawancin hitoci ne don wuta mai bolt 230, kuma idan ta sauko zuwa 180, zafin da hitar ke bayarwa yakan ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari. Sannan a tabbatar maɓallin daidaita zafi yana kan digiri 60.

Idan duk wannan lafiya, to galibi matsalar tana jikin ƙarfen da ke dafa ruwan. Ruwan rijiyar burtsatse yakan bar masa farin ɓawo mai tauri, wanda ke hana zafi shiga ruwa, har a riƙa jin tankin hitar yana ƙara kamar tsakuwa na tafasa. A kashe wuta daga babban makunni, a rufe famfon shigar ruwa, a zubar da na cikin tankin, sannan ma'aikacin lantarki ya kwance ƙarfen ya jiƙa shi cikin ruwan lemun tsami. Wanda ya kumbura ko ya tsage, a ganina canza shi ya fi. Kada a kunna wuta sai tankin ya cika, domin ƙarfen yana ƙonewa nan take idan babu ruwa.