Idan Giyar Tsohuwar Motar Amurka Ta Ƙi Saukowa: Inda Za Ka Fara Dubawa

Tsofaffin motocin Amurka masu manyan injina na shekarun 1960 da farkon 1970, irin su Camaro da Chevelle na kamfanin GM (General Motors), Mustang na Ford da Charger na Chrysler, ba su da yawa a Kaduna, kuma makanikan da suka saba da giyarsu sun fi su ƙaranci. Shi ya sa da zarar mota ta ƙi sauko da giya, abin da mai ita ke fara ji shi ne a sauke giyabos. Kada ka yarda tukuna. Waɗannan giyoyin otomatik ne, amma ba su da kwamfuta. Abu uku suke saurara kafin su sauko: nisan da ƙafarka ta taka totur, nauyin da ke kan inji, da gudun mota. Biyun farko a waje suke, sifana da sukudireba sun isa.

Fara da sanin giyar da ke ƙarƙashinka, don motar da ta haura shekara 50 ba lallai ne tana ɗauke da giyarta ta asali ba. Ƙirga notikan farantin man giya. C4 ta Ford 11 gare ta, C6 kuwa 17. TorqueFlite 727 ta Chrysler 14. TH350 da TH400 na GM duk 13 ne, amma farantin 350 kusan murabba'i ne da aka yanke wa kusurwa ɗaya, na 400 kuwa ba shi da wani fasali.

Sai mai. A auna shi inji na aiki, ya yi zafi, mota a shimfiɗaɗɗen wuri. GM da Ford a fakin, Chrysler a firi, domin a fakin sandar awon 727 kan nuna mai ya fi yadda yake. Ja mai haske lafiya ne. Idan ya yi duhu yana warin ƙuna, zancen ya wuce saiti. Tsofaffin C4 da C6 na waɗannan shekarun Type F suke sha, GM kuma Dexron. Mai shago da ya ce maka duk ɗaya ne bai san giyar ba.

Matsalar da aka fi kawowa ita ce ta kikdawun, wato saukowar giya in an taka totur duka: kana giya uku, ka danna totur har ƙasa za ka wuce tirela, mota ta yi gurnani ba ta sauko biyu ba. Kashe inji, cire murfin iska, ka sa yaron gareji ya taka totur iya ƙarfinsa, kai kuma ka leƙa kafireta. Idan faifan bai tsaya tsaye cak ba, ka ga laifin: kafet mai kauri a ƙarƙashin feda, ko kebul ɗin totur da ya saki. Giya ba za ta taɓa sanin ka taka duka ba.

Daga nan kowane kamfani da hanyarsa. TH350 kebul ne ya taho daga kafireta zuwa gefen dama na giya. Ɗaga makullin da ke jikin kebul ɗin, buɗe totur duka da hannu, sannan ka mayar da makullin. A wannan matsayin kebul ɗin ya zama a miƙe, ba rara. Idan ka ja shi ya biyo ka ba tirjiya, ya zame daga ƙugiyarsa a ciki ko ya tsinke. TH400 lantarki ce: suwic a kan feda ko kusa da kafireta yana tura wuta mai ƙarfin bolt 12 zuwa wani soket a jikin giya ta gefen direba. Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, taka totur duka, ka taɓa soket ɗin da fitilar gwaji. Ba wuta, laifin suwic ne, ko fiyus, ko waya. Akwai wuta amma ba ka ji ƙas daga cikin giya ba, solinod, ɗan bawul ɗin lantarki da ke ciki, ya mutu, kuma sauke faranti kawai ake yi a canza shi. Ford sandar ƙarfe ce, kuma sau da yawa ana yar da ita ranar da aka canza kafireta don ba ta dace da sabuwar ba.

A kan Chrysler ya kamata a tsaya sosai. A 727 da ƙanwarta 904 ma sanda ce, amma ba ta kikdawun kaɗai ba ce, ita ke gaya wa giya ƙarfin matsin da za ta ba mai a kowane taku. Idan babu ita, ko ta yi sako-sako, kuloci yana aiki da ƙaramin matsi alhali inji na turo ƙarfi, sai ya riƙa zamewa har ya ƙone. Alamarta ita ce giya na hawa da wuri, a sanyaye, kana uku tun kafin ka bar layinku. Saitin: totur a buɗe duka, hannun da ke jikin giya ya kai ƙarshen baya ko dab da shi, kuma ya fara motsi daidai lokacin da totur ya fara buɗewa. Motar da aka rasa wannan sandar, a ja ta zuwa gareji, kada a tuƙa. Wani abin kuma, 727 na kafin farkon shekarun 1970 ba sa saukowa da rabin taku, sai an kai ƙasa. Haka aka yi su.

GM da Ford suna da modileta, wani ɗan gwangwani a jikin giya da siririn tiyo ya haɗa da inji, ta nan giya ke sanin nauyin da ke kan inji. Zafin Maris da Afrilu na busar da robar har ta tsage. Idan iska na shiga, giya za ta ɗauka kana cikin taku kullum: ta makara wajen hawa, ta sauko da duka in ka rage gudu a cunkoson Kawo. Zare tiyon ta ƙasa. Ka ga jan mai a ciki, fatar modileta ta fashe, inji na shan man giya, shi ne farin hayaƙin salansa da raguwar man da ba a ga yoyonsa ba. Canza shi ake yi. Sa geji ka auna zuƙar inji a silo. Lafiyayyen inji na asali kan ba da inci 17 zuwa 21 a bakin teku, amma Kaduna na sama da teku da kimanin mita 600, don haka rage wajen inci 2 kafin ka yanke hukunci. Injin da aka sa wa babban kamshaf zuƙarsa ƙasa take. A nan modileta mai sukurin saiti a bakin tiyo ke da amfani. Murɗawa ciki na jinkirta canji, kuma kada ka wuce juyi ɗaya kafin ka gwada.

Idan kuwa ka tsaya cak a danja, mota ta tashi a giya biyu tana jan jiki, amma ta tashi da kyau in ka sa lamba ɗaya da hannu, gwamna, abin da ke gaya wa giya gudun mota, ya maƙale. A GM yana bayan wani murfi a gefen giya. Zare shi, duba haƙoran robar, wanke shi da fetur mai tsabta, ka tabbata bawul ɗin ciki na motsi in ka matse nauyayen. A Ford da Chrysler yana cikin wutsiyar giya, aikin ya fi yawa. Datti ke maƙale shi, saboda haka a canza filta da gaskit lokaci guda. Tanadi lita 4 zuwa 5 na mai. Mai, tiyo da suwic ana samu a Panteka, amma filta da modileta yawanci sai an yi oda daga waje.

Akwai kuma giyar da ke saukowa amma inji ya yi ihu kafin ta kama. A Ford da Chrysler, wannan belin da ke kama giya biyu a cikin giyabos ne ya saki. A C4 ana ɗaure sukurin zuwa fam-ƙafa 10, a warware juyi ɗaya da uku bisa huɗu. A 727 fam-inci 72 ne, amma warwarar ta danganta da shekara da inji, sai an duba littafin motar. TH350 da TH400 ba su da wannan saitin a waje.

Bayan kowane gyara ɗaya, a gwada kafin a taɓa na gaba. Miƙaƙƙen titi da sassafe, mil 40 a agogon motar, wato wajen kilomita 65, sai a taka duka. Idan duk na waje ya yi daidai, mai na warin ƙuna, kuma akwai baƙin gari ko ɓarɓashin ƙarfe a faranti, to yanzu a sauke giyabos.