Kafin ka karɓi makullin Adaidaita Sahu

Da aka hana acaba a Kano a watan Janairun 2013, ina cikin waɗanda suka jingine babur suka koma Adaidaita Sahu. Gani nake wanda ya shekara shida a kan ƙafa biyu, ai ƙafa uku wasa ce. A kwana na huɗu na kife a wani shataletale, da wata dattijuwa da jikarta a baya. Allah ya tsare ba wanda ya karye, amma har yau ina jin muryar baiwar Allahn nan tana salati tana laluben yarinyar. Shi ya sa duk ƙanen da ya zo mini da zancen zai karɓi sahu, maganar koyo nake fara yi masa kafin ta takarda.

Babur idan za ka sha kwana kwantar da shi kake yi, jikinka ya bi. Sahu ba ya kwanciya. Ka shiga kwana a guje, tayar baya ta ciki ce za ta ɗaga sama, kafin ka ankara kana ƙasa. Don haka tun kana nesa za ka saki totur, ka taka burki, ka rage giya, sannan ka karya kan. Sai maganar faɗi: gabansa siriri ne, bayansa kuwa ɗaki guda. Tsohon ɗan acaba zai hango 'yar kafa tsakanin motoci biyu ya cusa kai, ya manta akwai bayan da zai biyo. Rami ma haka, ka kauce da tayar gaba, ta baya ta faɗa, fasinja ya sha jijjiga.

Ka nemi wanda ya daɗe a sana'ar, mai sanyin hannu, ya kai ka fili. Kulochi da giya suna hannun hagu, totur a dama, burki a ƙafa, kuma sai hannu ya saba har ka daina kallonsu. Ni sati biyu nake ba yaro ba tare da fasinja ba. Ina ɗora masa jarkokin ruwa uku a kujerar baya ya yi ta zagaye, ya ji yadda nauyi ke jan mashin, ya koyi ribas, ya koyi tsayuwar gaggawa. Daga nan sai titi bayan sallar asuba, lokacin da gari bai cika ba. Cunkoson Kantin Kwari da 'Yankura shi ne darasin ƙarshe. Alamomin hanya kuma a makarantar koyon tuƙi da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta amince da ita ake koyonsu daidai, kada ka raina.

Lasisin da ya shafe mu shi ne rukunin A, na masu babur da masu ƙafa uku, kuma sai ka cika shekara 18. Ka tanadi lambarka ta NIN. Jami'an VIO, masu duba lafiyar ababen hawa, su ne ke gwada tuƙi, kuɗin kuma ta hannun hukumar tattara haraji ta jiha yake bi, sannan ka je da ƙafarka a ɗauki hotonka da zanen yatsunka. Za a ba ka na wucin gadi mai kwana 60 kafin katin ya fito, na shekara 3 ko 5, gwargwadon wanda ka biya. Ƙanena, duk wanda ya ce ka kawo fasfo da kuɗi ka zauna a gida ya kawo maka, guje shi. Wani abokina ya yi haka, ya shekara yana yawo da kati a aljihu, ranar da aka duba a kwamfuta babu sunansa.

Mashin ɗin ma da nasa takardun: lamba, shaidar mallaka, inshora, takardar lafiyar abin hawa, da rajistar KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar Kano. Idan na haya ne ko na balas, wato wanda kake kai wa mai shi kuɗi daga abin da ka samu, ka sa mai shi ya nuna maka su kafin ka karɓi makulli, domin kai za a tare a titi, shi yana gida. Kome ka biya ka karɓi rasit. Ka kuma riƙa sauraron rediyo, don dokokin kan canza. A Yulin 2022 sanarwa ɗaya ce ta hana mu fita daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗaukar mutum a gefen direba. Na san zafin balas, na san kuɗin mai. Amma kujerar baya ta mutum uku ce, kuma wanda ka matsa wa a gaba gwiwar hannunka yake tokarewa, daidai hannun da za ka karya kai da shi idan yaro ya faɗo titi. Ni ko ɗan unguwarmu ne ya ce, "Yaya, a ɗan matsa mini mana," haƙuri nake ba shi, in tsayar masa da na bayana.