Darasi na Tara: Gina Teburin Gashi na Bulo a Filin Gida

Teburin gashi ɗan ƙaramin gini ne da ake yi a waje, wanda ya haɗa gurbin wuta, da faffaɗan sama na ajiye kayan aiki, da ma'ajiyar gawayi a ƙasa. Duk wanda ya taɓa ɗora bulo a kan bulo zai iya yin sa da taimakon mutum ɗaya, matuƙar ya riƙe a ransa cewa ginin zai zauna ne tsakanin wuta da ruwan sama, kuma kowannensu yana iya tsaga shi.

A fara da zaɓen wuri. A bar tazarar aƙalla mita 3 tsakanin teburin da bangon ɗaki, ko rumfa, ko rassan bishiya, sannan a lura da inda iska ta fi kaɗawa domin kada hayaƙi ya riƙa shiga ta taga. Ba a gina shi a rufaffen wuri ko kaɗan, saboda gawayi yana fitar da wata iska mai guba, kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana kisa.

Awon da ya ishi gida ɗaya shi ne tsawon santimita 180, faɗin santimita 70, da tsayin santimita 90 daga ƙasa. Idan mai amfani da shi dogo ne ƙwarai, a ƙara tsayin kaɗan, har saman ya zo ƙasa da gwiwar hannunsa. A kafa fegi huɗu a ɗaure igiya. Domin kusurwa ta daidaita, a auna santimita 60 daga kusurwar a igiya ɗaya, da 80 a ɗayar; idan tsakanin alamun biyu ya ba da 100 cif, kusurwar ta tsaya daidai.

Daga nan sai tushe. A tona ƙasa zurfin santimita 20, a zuba tsakuwa rabin ramin a daddaɓe ta, a shimfiɗa rodi a gicciye, sannan a zuba kankare kaurin santimita 10. Haɗinsa shi ne awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. A yi masa ban ruwa safe da yamma har kwana 7, domin ruwa ne ke sa siminti ya kama, kuma kankaren da ya bushe da wuri yakan marmashe. Bangon kuwa ba shi da wuya: a kwaɓa siminti ɗaya da yashi huɗu, a bar kaurin santimita 1 tsakanin bulo da bulo, kowane bulo na sama ya hau kan mahaɗar biyu na ƙasa.

Gurbin wuta ne wurin da ya cancanci haƙuri da kashe kuɗi, kuma a nan ne masu gini da yawa suke kuskure, sai su yi shi da bulon siminti kamar sauran bangon. Siminti yana fara rasa ƙarfinsa idan zafi ya haura digiri 300, garwashi kuwa yana wuce haka nesa ba kusa ba. Bayan wata biyu ko uku sai a ga filasta tana ɓamɓarewa, bulo ya yi fari, idan aka taɓa shi da ɗan yatsa gari ya zubo. Saboda haka a shimfiɗa ƙasan gurbin da gefensa da bulon wuta, wanda ke jure zafin da ya wuce digiri 1,000, a haɗa shi da kwaɓi mai jure zafi. Inda ba a samu ba, jan bulo da ya gasu sosai zai yi aiki idan aka haɗa shi da laka da yashi, amma za a riƙa yi masa gyara lokaci zuwa lokaci. Kada a saka duwatsun rafi, domin ruwan da ke ɓoye a cikinsu yakan zama tururi ya fasa dutsen da ƙarfi.

Yayin da ake ɗora bulon gurbin, a fito da bakin wasu kaɗan a tsayin santimita 10, da 15, da 20 daga inda gawayi zai zauna, su zama matakan da ragar gashi za ta hau. Da wannan ake rage zafi ko a ƙara shi ba tare da an taɓa wutar ba. Ragar kanta kada a binne ta cikin kwaɓi. Ƙarfe yana buɗewa idan ya yi zafi, don haka a bar masa sararin rabin santimita a kowane gefe. A gaya wa mai walda ya yi ta da baƙin ƙarfe ko ƙarfen da ba ya tsatsa, ban da wanda aka lulluɓe da zink irin kwanon rufi, domin hayaƙinsa yana cutarwa. A ƙasan gurbin a bar kafar iska, a sa farantin ƙarfe da za a riƙa janyowa a kwashe toka. Wanda ya fi son gas, lalle ya buɗe ƙofofin iska a can ƙasan ma'ajiyar tukunyar, saboda gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi, idan ya yi yoyo ƙasa yake taruwa.

Saman teburin a zuba shi da kankare ko a ɗora dutse, a karkata shi santimita 1 zuwa 2 a kowace mita domin ruwa ya gangare. Sai a jira kwana 28 kafin a kunna wuta. Ranar farko a hura ɗan gawayi cikin tafin hannu biyu kawai, a bar shi ya mutu da kansa, washegari a ninka shi, a yi haka kwana uku ko huɗu har danshin da ya rage a cikin bulon ya fita a hankali.