Idan Gobara Ta Tashi a Ɗakin Majinyata: Matakai ga Mataimakan Nas

A Sakkwato, daga hunturu zuwa zafin Afrilu da ke haura digiri 40, komai a bushe yake. Wayar lantarki ɗaya ta yi tartsatsi bayan an dawo da wuta, sai labule ya kama. 'Yar'uwa, idan ke ce a bakin aiki, ga abin yi.

1. Ɗaga murya ki ce "Gobara!" Sa mutum ɗaya ya kira 112, wani ya sanar da nas mai kula da ɗakin.

2. Fara janye waɗanda ke kusa da wutar. Masu iya tafiya su bi 'yan jinyarsu zuwa waje. Wanda ba ya iya tashi, kamar tsohon da aka ɗaura wa ruwa, ki cire ledar daga ƙarfenta ki ɗora a ƙirjinsa, ku kwantar da shi kan bargo, ku biyu ku ja ta wajen kai. Kada ki goya shi; hayaƙi sama yake taruwa, ƙasa ta fi iska.

3. Tukunyar iskar oksijin tana rura wuta sosai. Da izinin nas, a rufe ta.

4. Kada ki watsa ruwa kan wutar lantarki. A kashe babban makunni tukuna.

5. Ja ƙofa bayan kin fita.

6. A tsakar gida, ƙirga majinyata da rajistar ɗaki, suna bayan suna. Wanda ya ce zai koma ɗauko waya ko kuɗin magani, ki riƙe hannunsa, ki hana shi.